Kafin Ka Sayi Injin Ɗaga Majinyaci, Auna Ƙofar Ɗakin Baba

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san irin wayar nan da akan bugo daga gida da asuba. A ce maka Baba ya fito zai yi alwala ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari guda sun ƙi motsi. Nan da nan mutum ya bar rumfarsa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ya bi motar dare ta Ilori da Jabba da Makwa da Bidda, ya isa Minna da kuɗin da ya tara na shekara. A biya gado, a sayi magani, a yi hoto. Bayan mako biyu ko uku likita ya ba da sallama, ya ce sauran sai a hankali a gida. Ɗa ya yi wa kowa ban kwana ya komo bakin nemansa, zuciyarsa na gaya masa ya fita hakki.

To, a ranar ce fa ainihin jinya take farawa, kuma galibi a bayan mace take sauka.

Bari mu ɗauki Sauka Kahuta ta garin Minna, domin akwai 'yan unguwar da yawa cikin masu karanta wannan shafi. Minna ta zama hedkwatar Jihar Neja a 1976, tun daga nan kuwa jama'a suka yi ta kwararowa, Gwari da Nufawa da Hausawa da mutanen Kurmi, unguwanni irin su Sauka Kahuta da Barkin Sale da Kpakungu suka cika suka batse. A wurare da yawa gini ya riga hanya da lambatu zuwa. Saboda ruwan damina, mai gida yakan ɗaga dokin ƙofarsa, ya yi matakala biyu ko uku a bakin gida. Ɗakunan haya ƙanana ne, ƙofofinsu matsattsu, ban-ɗaki kuwa yana can ƙarshen tsakar gida, na tsuguno. Mai lafiya ba ya ko lura da waɗannan abubuwa. Amma ga tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, da wadda take ɗawainiya da shi, kowane ɗaya daga cikinsu dutse ne da za a hau sau da yawa a yini. Sunan unguwar dai sauka ka huta, amma mai jinya a cikinta ba ta san hutu ba.

Mai karatu ya lissafa da kansa. A tashe shi da safe, a kai shi bayan gida, a komo da shi. A yi masa wanka, a sake masa tufafi, a zaunar da shi ya ci abinci, a fitar da shi ya sha iska, a shigo da shi. Ga kuma umarnin da ma'aikatan asibiti kan bayar, cewa wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da ɗuwawu da diddige. Watau juyi kaɗai sau 12 ke nan. Idan tsohon yana da nauyin kilo 70, ya fi buhun siminti da kilo 20, kuma buhun siminti ba ya zamewa a hannu don tsoro, ba ya riƙe maka wuya. Lebura ƙato a Apapa ba zai yarda ya ɗauki wannan kaya daga ƙasa shi kaɗai kullum ba tare da ya nemi ƙarin lada ba. Amma Inna mai shekara sittin tana yi, ko matar ɗa mai goyo, ko yarinya 'yar sakandare da aka ce ta ɗan dakata da karatu tukuna.

A Amurka hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata, wadda ake kira NIOSH, ta ƙididdige wannan al'amari. A 2007 wani masaninta mai suna Thomas Waters ya bayyana cewa nauyin da ya kamata ma'aikacin jinya ya ɗaga na jikin majinyaci da ƙarfin hannunsa kada ya wuce kimanin kilo 16, kuma wannan ma idan majinyacin yana ba da haɗin kai, mai ɗagawar kuma yana tsaye daidai. Kilo 16 bai kai nauyin jarkar ruwa guda mai lita 20 ba. A Ingila tun 1992 akwai doka da ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su kauce wa sa mutum ɗaukar kaya mai haɗari da hannu matuƙar akwai wata hanya, shi ya sa asibitocinsu suka cika da na'urorin ɗaga marasa lafiya. Mu kuwa a nan, in bayan Inna ya ƙage, sai a ce tsufa ne, a sayo mata man zafi.

Shi ma majinyacin ba ya tsira. Yadda aka saba yi a gidajenmu shi ne a zura hannu ƙarƙashin hammatarsa a ja sama, ko a kama hannun da ya mutu a fizgo. Naman da ke riƙe da kafaɗar mai shanyewar ɓarin jiki ya riga ya saki, saboda haka jan nan yakan sa gaɓar ta goce daga mazauninta, ciwo ya zauna masa wata da watanni, har ya ƙi yarda a taɓa hannun balle a motsa shi. Jan mutum a kan tabarma ko katifa kuma yana goge fatar da ta riga ta yi laushi, nan ne gyambo yake samun ƙofa. Idan kuma ɗagawar ta yi wa mai jinya tsanani, abin da ke biyo baya sananne ne: a rage juyi, a rage fitarwa, tsoho ya wuni kwance a ɗaki, huhu ya tara majina, gaɓoɓi su sandare. Ba rashin imani ba ne, ƙarfi ne ya ƙare.

INJIN ƊAGAWA

Da yawa daga cikinmu yanzu sun ga hoton injin nan a waya, wasu sun gan shi a shagunan kayan asibiti na Idumota a Ikko ko a Anaca. Ƙarfe ne mai ƙafafu biyu dogaye a kan ƙananan tayoyi, da ginshiƙi a tsaye, da hannu mai lanƙwasa kamar na kuren ɗin tashar jirgin ruwa. Ana shimfiɗa wa majinyaci wani ƙyalle mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kamar majanyi, a rataye kunnuwansa a ƙugiyoyi, sa'an nan a riƙa buga hannun inji kamar yadda makaniki ke buga jek ɗin mota, mutum ya tashi sama a hankali yana zaune cikin majanyinsa, a juya shi a sauke a kujera. Wani Ba'amurke mai suna Ted Hoyer na garin Oshkosh, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki, shi ya fito da irinsa ya bazu a shekarun 1950, har yau kuma a can da sunansa ake kiran injin. Galibin na gida suna ɗaukar kilo 150 zuwa 180, kuma yarinya ma tana iya buga shi.

Abu ne mai kyau, babu musu. Ga wanda lakarsa ta taɓu a haɗarin mota ko na babur ya shanye tun daga wuya ko ƙirji, ko tsoho mai jiki wanda ba ya iya dafa ƙasa da ƙafa ko ɗaya, babu abin da ya kai shi amfani. Amma an ƙera shi ne don gidajen da ba irin namu ba, kuma nan ne kuɗin ɗan ci-rani yakan salwanta.

Ƙafafun injin dole su shige ƙarƙashin gado kafin hannunsa ya kai kan majinyaci. Idan gadon irin na katako ne mai akwati har ƙasa, ko katifa ce kawai a daɓe, ba su da wurin shiga. Ana bukatar sarari a ƙarƙashin gadon kamar santimita 15, watau wajen inci 6. Tayoyinsa ƙanana ne, suna son siminti mai santsi ko tayil. In suka ci karo da rami ko gefen ledar ɗaki ko dokin ƙofa da mutum a rataye, inji yana iya kifewa. Ba a yi shi don tsallaka tsakar gida ba, aikinsa daga gado zuwa kujerar da ke kusa ne. Faɗinsa kuwa yakan kai santimita 60 zuwa 70 ko da an tsuke ƙafafun, kuma yana son filin juyawa, alhali ɗakin Baba ga gado, ga akwatuna, ga kwanukan Inna jere har rufi.

Sai batun wuta. Mai shago zai nuna maka mai batir, ya ce danna maɓalli kawai ake yi. Jihar Neja ce ke da Kainji da Jabba da Shiroro, ga Zungeru ta ƙaru, amma mutumin Minna ya fi kowa sanin cewa zama kusa da dam ba ya hana kwana cikin duhu. Na hannu wanda aka shigo da shi daga Amurka kuma, sau da yawa batirinsa ya riga ya mutu, cajarsa ta wuta 110 ce alhali tamu 230 ce, sauyinsa kuwa sai an aika waje. A ganina, ga gida irin na Sauka Kahuta, mai bugawa da hannu ya fi, domin in ya fara zubar da mai, makanikin da ya san jek zai iya duba shi. Kuma kada a karɓi inji ba tare da majanyinsa ba. Majanyin yana da lamba kamar riga: in ya yi wa mutum yawa sai ya sulale ta ƙasa, in ya yi kaɗan ya matse masa cinya. Wanda ɗinkinsa ya fara warwarewa, ko bilic ya cinye shi, ba a rataye mutum da shi ko da kyauta aka ba ka. Biyu ake saya, domin ɗaya yana kan igiyar shanya kullum.

Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, bugo gida ka sa ƙanenka ya ari tef wajen tela. Ya auna faɗin ƙofar ɗaki daga ciki, da tsawon gado daga ƙasa, da sararin da ke ƙarƙashinsa, da filin da ya rage a gefensa, da tsawon dokin ƙofa. Ya ɗauki hoton ɗakin da na hanyar ban-ɗaki ya turo. Da waɗannan a hannu za ka shiga Idumota, ba da ɗokin a ce ka sayo abin da ba a taɓa gani ba a unguwa.

ABIN DA KAFINTA DA TELA ZA SU IYA

Gaskiyar maganar ita ce, mafi yawan masu shanyewar ɓarin jiki ba inji suke bukata ba. Suna da ƙafa guda mai ƙarfi da hannu guda mai ƙarfi, kuma warkewarsu ma tana cikin a sa su yi amfani da su. Wanda aka riƙa rataya shi alhali yana iya miƙewa da taimako, an rage masa damar sake takawa.

Abu na farko shi ne a raba shi da ƙasa. Tsofaffinmu suna son tabarma da katifa a daɓe, amma ɗaga mutum daga ƙasa shi ne mafi wuya da haɗari cikin dukkan ɗagawa. A samo gado mai ƙarfi wanda in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, tsawonsa kuma ya yi daidai da mazaunin keken marasa lafiya, wajen santimita 50 har da katifa. In hali ya yi, gadon asibiti na hannu mai abin juyawa, wanda ke ɗaga kai da ƙafa, ya fi injin ɗagawa amfani a gidaje da yawa, domin zaunar da mutum don cin abinci ya zama murɗa ƙarfe kawai.

Na biyu, a kawo ban-ɗaki kusa da shi maimakon a kai shi. Kujera mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, mai hannuwa biyu na dafawa, ana sayar da ita a shagunan kayan asibiti, kafinta ko mai walda ma yana yin ta cikin yini guda. Wannan kujera kaɗai tana soke tafiya mafi haɗari ta yini, wadda ake yi da dare a kan jiƙaƙƙen siminti. A sa labule a gefenta don mutunci.

Na uku, allon zamewa. Katako ne mai ƙwari, tsawonsa kamar santimita 75, faɗinsa kamar 20 zuwa 25, an goge shi sumul an shafa masa fenti mai santsi, an fiƙe bakunansa biyu. A sa baki ɗaya ƙarƙashin cinyar majinyaci a gado, ɗayan a kan keke bayan an danna birki, ya zame a kai kaɗan kaɗan yana dafawa. Matasan da ƙafafunsu suka shanye amma hannuwansu ke da ƙarfi sukan koyi yin haka su kaɗai. Sai dai keken ya kasance mai hannun da ake cirewa ko ɗagawa, abin da masu saye ba su cika dubawa ba. Kuma ba a zamewa da fata tsirara a kan allo.

Tela kuma yana da nasa. Ɗamara mai faɗi ta yadi mai kauri, da maɗauri mai ƙarfi da hannuwan riƙo a gefe da baya, a ɗaura wa majinyaci a ƙugu. Mai jinya ta tsaya a gabansa ta wajen ɓarin da ya mutu, ta tare gwiwarsa da tata, ta riƙe ɗamarar, ta durƙusa da gwiwa ba da baya ba, ta ce, "Baba, matso bakin gado, sunkuyo gaba, in na ce uku ka miƙe." A ajiye kujerar ta ɓangaren da ke da lafiya ya juya zuwa gare ta. Ɗamarar ta riƙo ce da daidaitawa, ba ta ɗaga mutum cak ba. Don juyi da matsar da shi sama a gado kuwa, yadi mai sulɓi irin na lema ko rigar ruwa, a ninka shi biyu a sa ƙarƙashinsa, mutum biyu su ja ya zame ba tare da fata ta gogu ba. A zare shi bayan an gama, kada ya sulalo da dare. Igiya mai ƙulli-ƙulli da aka ɗaure a ƙafar gado tana taimaka masa ya jawo kansa zaune da hannunsa mai lafiya. Matakalar bakin gida kuma, magini ya zuba mata gangara mai sauƙin hawa, ba mai tsaye kamar ta shigar da babur ba.

Akwai masu dabara da kan ce ai sai a rataya sarƙar ɗaga inji irin ta makanikai a katakon rufi. Kada a yi. Katakon rufin gidan haya an sa shi ne don ya riƙe kwano, ba mutum ba, gara kuma ta sha cin sa ta ciki ba a sani ba. Idan za a yi na gida, mai walda ya haɗa firam na ƙarfe mai ƙafafu huɗu da ke tsaye da kansa a kan gado, a gwada shi da buhunan siminti huɗu, kilo 200 ke nan, kafin a yarda a sa ɗan Adam. A Ingila doka ta 1998 ta ce duk na'urar da ke ɗaga mutane sai ƙwararre ya duba ta bayan kowane wata shida. Mu da ba mu da mai dubawa, sai mu riƙa duba walda da ƙugiya da ɗinki da idonmu kowane mako.

Masu sana'armu ba su gaza ba. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana yaro, ya kafa cibiyar Beautiful Gate a 1999, inda ake ƙera keken guragu mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ana rabawa kyauta. A 2024 aka naɗa shi shugabancin hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. A Kano ma ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa ta daɗe tana ƙera irin waɗannan kekuna. Amma wannan keke na saurayi ne mai ƙarfin damtse da zai fita neman abinci. Kayan cikin ɗaki, na tsohon da ba zai sake tuƙa komai ba, su ne har yanzu ba su sami masu ƙera su da yawa ba. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna tun 1983, da sashen injiniya a Gidan Kwano; in da ɗalibanta za su riƙa haɗa kai da masu walda na gari su fito da injin ɗagawa mai manyan tayoyi wanda ya dace da daɓenmu da ƙofofinmu, da sun yi wa jihar aikin da ya fi na ajiye takarda a kabad.

WA ZA A TAMBAYA

Mai shago yana sayar da abin da ke shagonsa ne. Wanda ya san abin da ya dace da majinyacinka shi ne likitan gashi, watau na sashen motsa gaɓoɓi. Sana'a ce tsohuwa a ƙasar nan, tun 1945 aka fara koyar da ita a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, a Arewa kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959. Mutumin Minna ya nemi wannan sashe a babban asibitin gari, ko asibitin ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bidda. Kafin a karɓi sallama, a kai masa wadda za ta yi jinyar da gaske, ba ɗan da zai hau mota jibi ba, ya nuna mata a aikace, ta yi a gabansa sau biyu sau uku. In za a iya biyan kuɗin motarsa ya zo gida ya ga ɗakin da idonsa, wannan kuɗi ya fi na kwalaben ƙarin jini da ake ta saye albarka.

Kada kuma a zauna jiran gwamnati a kan wannan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna mutum sama da biliyan 2.5 ne a duniya ke bukatar wani abin taimako, daga tabarau zuwa keke, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu bukata ke samu. Dokar hana wariya ga nakasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, amma ba ta shiga ɗakin Baba ba, ba ta kuma san da bayan Inna ba.

Abin da ke hannunmu shi ne ƙungiyoyinmu. Kusan kowane zango a Kurmi yana da ƙungiyar 'yan gari da asusunta, ana tara kuɗi don kai gawa gida ko belin wanda aka kama. Gadon asibiti da injin ɗagawa ba kayan da gida ɗaya ke bukata har abada ba ne. Wani wata shida zai yi da su ya miƙe, wani kuma kwanansa ya ƙare, su koma bayan ɗaki suna tsatsa. In 'yan Minna mazauna Agege ko Shagamu suka haɗa kuɗi suka sayi gado biyu, da keke uku, da inji guda mai bugun hannu, suka danƙa su ga mai unguwa ko wani dattijo amintacce a Sauka Kahuta, da littafin rubuta sunan wanda ya ara da ranar da ya karɓa, gida goma za su amfana kafin ƙarfen ya gaji. Majanyi da katifa ne kaɗai kowane gida zai sayi nasa, saboda tsabta. Direbobin manyan motoci da ke sauke doya da shanu a Ikko sukan koma da sarari a baya, kuma gadon asibiti in an kwance shi bai fi buhu biyar cin wuri ba.